Kwanakin da Kaduna Ta Ƙi Bin Legas

Ranar Asabar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, ma'aikatan masaƙar Kakuri suka tashi sahur da ƙarar bindigogi daga ƙetaren kogi. Kafin azahar labari ya game Makera da Barnawa: an kashe Sardauna Ahmadu Bello da uwargidansa Hafsatu. Da rana sai ga muryar Manjo Chukwuma Nzeogwu a Rediyon Kaduna, yana shelar dokar soja da sunan majalisar ƙoli ta juyin juya hali.

Nzeogwu ba baƙo ba ne a garin. A Kaduna aka haife shi a 1937, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, shi ne kuma babban malami a makarantar horar da sojoji. Ya fitar da yaransa cikin dare da sunan atisaye, wanda ya laƙaba wa Damisa. A daren aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun, kwamandan birged ta ɗaya, da Kanar Shodeinde. Kafin gari ya waye, barikokin Kaduna suna hannunsa.

Sai dai abokan ƙullinsa na Legas sun yi aikin rabi da rabi. Manjo Emmanuel Ifeajuna da mutanensa sun kashe Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari, amma shugaban sojoji, Manjo Janar Aguiyi-Ironsi, ya kuɓuce musu, ya tattara dakaru. Ifeajuna ya tsere Gana. A Kano, Laftanar Kanar Odumegwu Ojukwu mai riƙe da bataliya ta biyar ya ƙi ba da kai. Sojan ƙasa ɗaya ya dare, kowane hafsa yana lissafin barikin da zai amsa masa. Nzeogwu ya fara shirin dumfarar Kudu, sai ya duba ya ga ba kowa a bayansa. Ranar 16 ga wata ragowar ministoci suka miƙa wa Ironsi mulki. Cikin 'yan kwanaki Nzeogwu ya sauka, ya bar Arewa a hannun Manjo Hassan Usman Katsina, Laftanar Kanar Conrad Nwawo ya raka shi Legas, aka tura shi kurkukun Kirikiri. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ɓarnar da ta fi daɗewa ita ce rushe ladabin soja. Tunda manjo ya harbe birgediya a ɗakin kwanansa ba a gurfanar da shi gaban kotu ba, tauraron kafaɗa ya daina tsorata kowa. Ranar 29 ga Yuli hafsoshin Arewa suka rama, aka kashe Ironsi a Ibadan. Birgediya Ogundipe ne babba a sauran, amma kuratan Arewa suka ƙi karɓar umarninsa, ya bar ƙasar. A barikin Ikeja aka kwashe kwanaki ana ja-in-ja: Murtala Muhammed, jagoran ramuwar, yana neman a raba ƙasa, wasu na cewa a zauna. Ranar 1 ga Agusta Yakubu Gowon ya fito shugaba. Ojukwu, gwamnan Gabas a lokacin, ya ce ba zai sara wa wanda bai girme shi a aiki ba.

Talakan kudancin garin Kaduna ne ya ga sakamakon da idonsa. A nan tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction take, inda layin dogo ya rabu, ɗaya ya nufi Legas, ɗaya ya bi Kafanchan zuwa Inugu. Bayan kashe-kashen Satumba da Oktoba 1966, a wannan tasha 'yan Gabas suka yi dafifi da tabarmi da tukwane da keken ɗinki, suna cusa yara ta tagogin taragu. Waɗanda jiya suke saƙa a layi ɗaya da Bahaushe da Bajju, yau sun tafi ba sallama. Masana'antar makamai ta DICON da aka kafa a Kakuri a 1964 kuwa, aiki ya same ta da yaƙin basasa ya ɓarke a Yulin 1967, bayan Gabas ta ɓalle da sunan Biyafara.

A Satumban 1967 Ojukwu ya sa aka harbe Ifeajuna, wanda ya dawo daga Gana, da wani hafsa mai suna Victor Banjo a Inugu bisa zargin cin amanar Biyafara. Murtala ya jira shekara tara, ya hau mulki bayan an kifar da Gowon ranar 29 ga Yuli 1975. Shi kuwa Nzeogwu, an kashe shi kusa da Nsukka a Yulin 1967 yana yaƙi a ɓangaren Biyafara. Gowon ya ba da umarni aka kawo gawarsa Kaduna, aka binne shi a maƙabartar sojoji da cikakkiyar karramawa.