Shirin Musamman: Daga Rubutun Dutse Zuwa Gafakar Kakanni

Jama'a masu sauraro, musamman mutanenmu na Dingyadi da Sifawa da Bodinga har zuwa Shagari,  yau za mu duba rubutun da ƙananan garuruwa suka bari, irin wanda manyan littattafan tarihi sukan tsallake.

A tsibirin Karit na ƙasar Girka an yi wani ɗan birni mai suna Dreros, wanda ko a zamaninsa ba a sa shi sahun Atina ko Isparta. A shekarun 1930 masu haƙar kayan tarihi suka tono wani dutse a can, daga bangon ɗakin bautarsu, ɗauke da 'yan layuka da aka sassaƙa fiye da shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam. Layi ɗaya ya tafi hagu, na biye da shi ya juyo dama, kamar yadda garmar shanu ke kai da komo a gona. Doka ce. Duk wanda ya riƙe babban muƙamin gari, ba zai sake hawa ba sai bayan shekara 10. In ya yi taurin kai, hukuncin da ya yanke ya zama banza, a ci shi tara ninki biyu, a kuma haramta masa muƙami muddin ransa. Tana cikin dokokin Girka mafi tsufa da suka iso gare mu a rubuce. Wanda ya ga rikicin tazarce a Nijar a 2009 zai gane abin da mutanen nan ke gudu.

To, ba sai mun ƙetare teku ba. Mu bi kogin Kwara mu haura zuwa Gao, a ƙasar Mali ta yau. A 1939 aka gano wasu duwatsun kabari a Saney, kusa da birnin. Wasunsu farin marmara ne da aka sassaƙa a Almeriya ta Andalus, da rubutun Kufi mai kyan tsari, aka ɗoro su bisa raƙuma aka ratso Sahara da su. Ku yi tunanin nauyin wannan kaya da tsawon wannan tafiya! Ɗaya na wani sarki ne, Abu Abdullahi Muhammad, wanda ya rasu a 1100 miladiyya. Na biyu na Abubakar, 1110. Akwai kuma na mata masu laƙabin malika, wato sarauniya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wannan: Abdurrahman as-Sa'di, wanda ya rubuta Tarikh as-Sudan a Tumbutu wajen 1655, ya jero sarakunan Songhai, amma jerin nasa bai zo daidai da sunayen da ke kan duwatsun ba, sarauniyoyin kuwa ba a ji ɗuriyarsu a ciki. Ba ƙarya malamin ya yi ba. Shekara ɗari biyar ce tsakaninsa da su, ya rubuta abin da ya tarar a bakin mutane. Dutsen kuwa an sassaƙa shi tun makoki bai daɗe da watsewa ba. Masanin tarihi ɗan ƙasar Barazil, Paulo de Moraes Farias, ya tattara irin waɗannan rubuce-rubuce a littafin da ya fitar a 2003. A ciki har da na Essuk, tsohuwar kasuwar Tadmakka da ke arewa da Gao, inda wani rubutun Larabci a jikin dutse ke ɗauke da shekarar 404 ta hijira, wajen 1013 ke nan, a gefen rubutun Tifinag na Buzaye.

Mu dawo gida. Kakanninmu da ƙasa suka yi gini, kabari kuma ba su saba kafa masa dutse mai suna ba. Amanarsu ga takarda suka ba ta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, yana karantarwa yana wallafa, kafin ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Ƙaninsa Malam Abdullahi yana nan Bodinga. Ɗalibai suka yi ta kwararowa, kowa na kwafar littafi da hannunsa, ya koma ƙauyensu da shi.

In akwai tsohuwar gafaka a gidanku, ku buɗe ta a hankali. Warƙoƙin ba a ɗinke suke ba. Kalma ɗaya da aka rubuta a ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. Tawadar ta gida ce, da ƙaro a cikinta. Ɗaga warƙa ɗaya ga hasken rana, mai yiwuwa ka ga jinjirin wata uku a jikinta, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa kawowa ta hanyar Tarabulus. Sai ka duba shafin ƙarshe. Nan marubuci kan sa sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da ranar da ya gama, ya roƙi gafara ga kansa da iyayensa. A gefen shafi kuma akan tsinci wani ya rubuta haihuwa, ko rasuwa, ko bashi. Wannan shi ne tarihin ƙauye, wanda ba za a same shi a tarihin sarakuna ba.

Sai dai marmarar Gao ta jure fiye da shekara 800 a cikin rairayi, takarda kuwa damina ɗaya ta ɗaki mai yoyo ta ishe ta, balle gara ta samu hanya. Don Allah, 'yan uwa, a ɗaga gafaka daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai laima. Kada a liƙe yagaggen shafi da salatif, yana cin tawada. Kada a rarraba warƙoƙi tsakanin magada, kowa ya tafi da rabin littafi. Matasan gida su ɗauki hoton kowane shafi da waya, bi da bi, har da na ƙarshe. Wanda ke neman a karanta masa ko a ba shi shawarar adanawa, akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, akwai kuma malaman tarihi da na Larabci a Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Nan za mu dakata.