Ɗan Ƙudan Ayaba da Sirrin Shiru

Duk inda ayaba ta zarce nuna ko mangwaro ya fara ruɓewa a tire, za ka ga wasu ƙananan ƙudaje masu jan ido suna shawagi. Tsawon kowanne bai wuce milimita 3 ba. Ƙuda wajen kwaɗayi akan mutu, shi kuwa wannan kwaɗayin tsami ne ya jefa shi cikin kwalaben masana, waɗanda suke kiransa Drosophila. Cikin kwana 10 ƙwai yake zama baligi, ga saurin hayayyafa, shi ya sa masu binciken gado suka riƙe shi hannu bibbiyu.

Raina kama ka ga gayya. A 1910 Thomas Morgan na Jami'ar Columbia a Amurka ya tsinci namiji mai farin ido, daga nan aka tabbatar cewa ƙwayoyin gado a kan kiromosom suke zaune. A 1930 ɗalibinsa Hermann Muller ya samu ƙudaje masu ido dabbare-dabbare, ja da fari. Ƙwayar gadon jan launi lafiyarta ƙalau, amma ta koma maƙwabtaka da wani sashen kiromosom da ke ɗaure tamau, sai ta yi gum a wasu ƙwayoyin halittar idon.

Zaren DNA a naɗe yake a jikin furotin da ake kira histon, kamar zare a mazari. Inda aka sassauta naɗin, ana karanta saƙo. Inda aka ƙulle, shiru kake ji. Masu ƙullin sun haɗa da rukunin furotin na Polycomb, waɗanda ke ɗora alama a kan histon, alamar kuma ta bi ƙwayar halitta duk lokacin da ta rabu biyu.

Namijin ƙudan nan yana da ɗan mataji na baƙin gashi a ƙafafunsa na gaba kaɗai. A 1947 Pamela Lewis ta ga wanda matajin ya fito masa har a ƙafafun tsakiya da na baya, domin mai tsaron shirun, wato Polycomb, ya raunana.

Ƙafa da fiffike da ido duk gado ɗaya suka ɗauka, ƙwayoyin gado kusan 14,000. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, haka kowace gaɓa take faɗin nata ta kame baki daga saura. Irin furotin na Polycomb yana jikin ɗan Adam, kuma taɓuwarsa tana da hannu a wasu cututtukan daji. Magabata sun yi gaskiya, shiru ma magana ce.