Yadda Za Ka Sa Bayanai Su Fito A Tsare Cikin Log

Manhajojin da ke wayarka suna da wani kundi da suke rubuta abin da suke yi a bayan fage, shi ake kira log. Idan manhaja ta maƙale ko ta rufe kanta, nan mai gina ta yake fara leƙawa. Sai dai bayanan da manhaja ke karɓowa daga intanet galibi a tsarin JSON suke zuwa, kuma in ka zuba su yadda suke, dogon layi ɗaya za ka gani, komai a cakuɗe. A ƙaramin allon waya kuwa, sai idonka ya raina fata kafin ka gano inda matsalar take.

A Python, wanda za ka iya gwadawa a wayar Android ta Termux ko Pydroid 3, maganin bai fi layi ɗaya ba:

json.dumps(bayani, indent=2, ensure_ascii=False, default=str)

Aikin indent=2 shi ne ya ba kowane abu layinsa, wanda ke cikin wani kuma a tura shi ciki da tazara biyu. Kallo ɗaya za ka gane uwa da 'ya'yanta.

Na biyun ya fi shafar mu masu rubutu da Hausa. In ba ka sa shi ba, Python zai mayar da ƙ, ɗ da ɓ lambobi, sai "ƙofa" ta koma "\u0199ofa". Bayanin bai lalace ba, amma wa zai iya karanta sunaye ɗari a haka? Shi kuwa default=str, yana hana shirin faɗuwa idan ya ci karo da abin da JSON bai sani ba, kamar kwanan wata.

A ganina, wannan tsarin na lokacin gwaji ne kawai. Idan manhaja ta fara aiki a saba, bar kowane saƙo a layi ɗaya, domin grep layi-layi yake bincike, zai kawo maka guntu ya bar sauran. Haka Logcat na Android yana datse saƙon da ya haura kimanin bayit 4000, kuma tazarar nan ma ana lissafa ta.

Kafin ka rubuta komai, cire kalmar sirri da lambar katin banki daga cikin bayanin. Shi json.dumps duk abin da ka ba shi zai fitar, kuma log abu ne da ake yawan ɗaukar hotonsa a tura guruf ana neman taimako.