Rikicin Keken Ɗinki: Wa Ya Ƙago, Wa Ya Ci Riba?

Yau maganar mallakar ƙirƙira za mu yi, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabon abu, ta hana kowa ƙera irinsa ya sayar sai da izininsa, na wasu shekaru ƙididdigaggu. Bayanin doka ke nan a taƙaice. Sauran za mu ji shi a tarihin keken ɗinki, wannan dai da telan unguwarku ke takawa.

Akwai wani Ba'amurke a birnin New York mai suna Walter Hunt. Wajen 1834 ya haɗa injin ɗinki mai zare biyu, da allura mai kafa a tsini, ba a gindi ba irin ta hannu. Injin ya yi ɗinki. Amma bai je ya yi rajista ba. Ana cewa tsoro ya ji kada mata masu ɗinkin hannu su rasa abinci. Ku riƙe wannan, masu sauraro: bai yi rajista ba.

Ni dai mutumin nan yana ba ni mamaki. Shi ne a 1849 ya lanƙwasa waya ya fitar da fil mai rufe baki, wanda mata ke kama mayafi da shi har gobe. Wannan karon ya yi rajista, sai kuma ya sayar da haƙƙin baki ɗaya a kan dala 400, don ya biya bashin dala 15. Allah ya ba shi kai, amma bai ba shi ciniki ba.

To, a 1846 sai Elias Howe ya samu takardar mallaka a kan injin da ke aiki kusan irin na Hunt. Talaka ne, ya rasa masu saye, ya tafi Ingila neman sa'a, ya dawo a 1849 hannu rabbana, ya tarar matarsa tana jinyar ajali. Ya kuma tarar wasu na ƙera keken ɗinki da dabararsa. Ba a jima ba Isaac Singer, tsohon ɗan wasan kwaikwayo, ya shigo kasuwar da nasa keken a 1851, wanda ya fi daɗin aiki. Howe ya ce a biya shi. Singer ya ce allambaram. Aka tafi kotu.

Ku ji dabarar ɓangaren Singer. Suka nemo Hunt, don a nuna cewa ai ba Howe ne na farko ba. Hunt ya nemi rajista a makare, aka hana shi. Ba a musa cewa ya riga Howe ba, amma an ce ya yi watsi da abinsa kusan shekara ashirin, don haka ba shi da ta cewa. A 1854 Singer ya biya Howe dala 15,000.

Rikici bai ƙare a nan ba, don babu mai mallakar keken gaba ɗayansa. Allura da ƙoshiya na Howe ne. Haƙoran da ke jan yadi gaba na kamfanin Wheeler & Wilson ne. Singer na da nasa sassan, kamfanin Grover & Baker na da nasu. Kamar a ce rijiya ɗaya, wani na da guga, wani na da igiya, kowa ya hana kowa. Wannan ya kai ƙarar wancan, wancan ya kai ƙarar wannan, lauyoyi na ta cika aljihu.

A 1856, a garin Albany, Orlando Potter, lauya kuma shugaban Grover & Baker, ya kawo shawarar su haɗa takardunsu wuri ɗaya. Suka yarda. Duk mai son ƙera keke ya biya dala 15 a kan kowane ɗaya. Howe yana karɓar dala 5 a kan duk wanda aka sayar a Amurka, dala 1 a kan wanda aka fitar waje, kuma ya kafa sharaɗin a ba aƙalla kamfanoni 24 izini. Lissafinsa a fili yake: yawan masu ƙira, yawan kuɗinsa. Kafin rasuwarsa a 1867 ya tara kusan dala miliyan 2.

Ana yabon wannan haɗaka da cewa sulhu ce. Sulhu ce, amma ta manya. Mai saye ne ya riƙa biyan kuɗin, shi ya sa da takarda ta ƙarshe ta ƙare a 1877 farashin keke ya faɗi.

Singer kuwa bai dogara da takarda kaɗai ba. Abokin kasuwancinsa Edward Clark ya kawo tsarin ɗauki keke ka riƙa biya kaɗan-kaɗan, suka kuma gina suna. Takardar ƙirƙira tana ƙarewa, amma rajistar sunan kaya da tambari ana sabunta ta. Shi ya sa kun san Singer, ba ku san Howe ba.

Lokaci na neman ƙure mana, sai mu taɓo na gida a gurguje. A Najeriya, dokar 1970 ta ba wanda ya riga shigar da takarda fifiko, ofishin rajistar yana Abuja ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da ciniki, kuma kariyar ta shekara 20 ce. A Nijar, Kamaru da Chadi, hukumar OAPI da ke Yawunde ce ke yin rajistar, takarda ɗaya ta game ƙasashe 17. Rajistar Najeriya ba ta aiki a Maraɗi. Maƙera da masu haɗa injuna da ke saurarenmu, kada ku baje sabon abu a kasuwa kafin ku shigar da takarda, kuma in kun samu, akwai kuɗin da ake biya duk shekara. In aka daina biya, takardar ta mutu.