Super Mario Land 2: Ƙanen da ya fi wansa jiki, ya kasa shi tsauri

Masu iya magana sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wannan shi ne nauyin da ke kan duk wani wasan bidiyo da aka yi wa kashi na biyu, domin jama'a ba za su auna shi da kowa ba sai da wansa. Haka abin ya kasance ga Super Mario Land 2: 6 Golden Coins, wanda kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar a watan Oktoba na 1992 domin 'yar na'urar hannun nan mai suna Game Boy.

Kafin mu shiga batun ƙanen, ya kamata mu tuna da wan. Super Mario Land na farko ya fito ne a watan Afrilu na 1989, rana ɗaya da ita kanta Game Boy. Matakai 12 ne kacal a cikinsa, Mario kuwa ɗan mitsitsi ne a kan allo, sai an ƙura ido. Idan ka yi gaba ba ka komawa baya, idan kuma ka kashe na'ura, to, sai ka sake daga farko. Duk da haka an sayar da fiye da kaset miliyan 18. Ke nan mutanen Gunpei Yokoi, wanda ya ƙirƙiro na'urar kuma ya shugabanci aikin wasannin biyu, suna da jan aiki a gabansu.

Labarin na biyun ba shi da tsawo. Yayin da Mario ya tafi ƙasar Sarasaland ceton gimbiya Daisy, sai wani ƙaton mugu mai suna Wario ya mamaye masa fada, ya rufe ƙofa. Ba a buɗe ƙofar nan sai da tsabar zinariya shida, kowace tana hannun wani dodo a yankinsa. Aikin mai wasa shi ne ya karɓo su, ya fatattaki ɗan mamaya.

Inda ya yi zarra

Abu na farko da ido zai gani shi ne girma. Kaset ɗin ya ninka na farko sau takwas wajen ɗaukar kaya, matakai suka tashi daga 12 zuwa 32. Mario ya yi jiki, ana ganin gashin bakinsa da hularsa sarai, ya yi kama da wanda aka sani a manyan na'urorin gida. Allo yana bin sa gaba da baya, sama da ƙasa, saboda haka ana iya komawa a binciki lungun da aka wuce.

Na biyu, an ba mai wasa 'yanci. Akwai taswira, kuma yankunan nan shida kana iya fara wanda ka ga dama. Idan ɗaya ya gagare ka, sai ka bar shi ka nufi wani. Ga yaro mai koyo wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. An kuma sanya ɗan batir a cikin kaset wanda ke riƙe inda aka tsaya, har gurbi uku. A gidan da yara uku ke rububin na'ura ɗaya, kowa da nasa, an rage rigima.

Na uku, kuma a nan ne wasan ya fi burgewa, babu yankin da ya yi kama da ɗan'uwansa. A wani wuri Mario yana hawa wata ƙatuwar bishiya cike da ƙudan zuma. A wani ya ƙanƙance ya shiga wani makeken gida, tururuwa ta zama abokiyar faɗa. Akwai yankin kabewa na fatalwa da mayya. Akwai inda kunkuru zai haɗiye shi ya sami kansa a ƙarƙashin teku, cikin nutsattsen jirgi. Akwai wani ƙaton mutum-mutumin Mario da ake bi ta cikinsa daga ƙafa har kai. Mai son zuwa sararin samaniya kuwa sai ya shiga kumfar da wata dorina ke hurawa, ta ɗaga shi zuwa wata, inda tsalle ke zama kamar shawagi.

Da yake allon Game Boy ba shi da launi, inuwa huɗu ce kawai daga haske zuwa duhu, sai masu zanen suka yi dabara. Mario mai jifa da wuta an sa masa gashin tsuntsu a hula domin a gane shi. Ƙarin rai kuma aka yi shi da siffar zuciya, don kada a rikita shi da naman kaza. Sabon abu shi ne karas, wanda ke ba Mario kunnuwan zomo. Idan yana kaɗa su sai ya riƙa sauka a hankali. Kiɗan kuwa na Kazumi Totaka ne, wanda ya ɗauki karin sauti guda ya riƙa juya shi daga yanki zuwa yanki.

Inda ya gaza

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Girman da Mario ya yi a kan allon da bai wuce ɗigo 160 a faɗi da 144 a tsaye ba ya rage abin da mai wasa ke hangowa. Sau da yawa sai ka yi tsalle ba ka ga inda za ka dira ba. Idan abokan gaba suka yi yawa, wasan kan ja ƙafa, kuma a tsohuwar na'urar hoto yakan yi dishi-dishi idan ana gudu. Tsallen ma yana da wani irin rashin nauyi da wanda ya saba da sauran wasannin Mario zai ji wani iri.

Babban aibinsa dai shi ne sauƙi. Saboda ana iya fara kowane yanki, dole aka daidaita wahalarsu, don haka wasan ba ya ƙara tsanani yayin da kake ci gaba. Kunnuwan zomo sun ƙara lalata lamarin, domin da su ana iya ƙetare ramuka da tarkuna da dama ba tare da an taɓa su ba. Dodannin yankuna kuwa, taku uku a ka sun gama. Kwabban da ake tarawa, har 999, ana zuba su ne a wani wasan sa'a a samo rayuka birjik. Wanda ya goge zai iya gamawa a zama ɗaya.

Sai kuma a ƙarshe wasan ya juya fuska. Fadar Wario doguwa ce, cike da tarkuna, babu wurin yada zango a tsakiya, kuma sai an kayar da shi sau uku a jere. Wanda aka lallaɓa tun daga farko bai shirya wa wannan ba. Idan rayuka suka ƙare kuma, duk tsabar zinariyar da aka tara sai ta koma hannun dodanni, a sake bin su. Haka nan masu ƙaunar na farko sun yi kewar matakan nan biyu na harbi, cikin jirgin sama da jirgin ƙarƙashin ruwa, waɗanda aka cire gaba ɗaya.

Abin da ya bari

An sayar da fiye da kaset miliyan 11, wato bai kamo wansa ba. Amma ya bar gadon da wan bai bari ba, shi ne Wario. Hiroji Kiyotake ne ya zana shi, sunan kuma an samo shi ne daga kalmar Japananci mai nufin mugu, aka haɗa da Mario. Farin jininsa ya sa a 1994 aka ba shi kashi na uku, Wario Land, ya zama shi ne jarumin.

Ga mai neman wasan, Nintendo ta sake fitar da shi a 3DS a 2011, sannan a Switch a watan Fabrairu na 2023. Wanda zai sayi tsohon kaset kuwa ya gwada shi tukuna, domin batirin cikinsa ya haura shekara 30, idan ya mutu ba zai riƙe komai ba sai an canja shi. Ga yaro ko sabon shiga, da wuya a sami ƙofar shiga wasannin tsalle da ta fi wannan. Gwani mai neman abin da zai sa shi gumi kuwa, sai ya yi haƙuri har ya isa ƙofar Wario.