Sabon gini a Tambuwal: wa zai biya kuɗin mita?

Duk wanda ya gina jerin shaguna a Tambuwal ko Kebbe, ranar da ya nemi wuta sai a ce masa ya kawo kuɗin turke da waya, wani lokaci har da na taransifoma. Wayoyin cikin gini nauyinsa ne, babu gardama. Amma mita, da layin da ke kawo wuta bakin ƙofa, kayan kasuwancin kamfanin rarraba wuta ne, wato Kaduna Electric, wanda ke kula da Sakkwato, Kebbi, Zamfara da Kaduna. Mai sayar da hatsi shi ke zuwa kasuwa da mudunsa. Hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ma ta sha nanata cewa samar da mita da taransifoma haƙƙin kamfani ne.

Za a ce kamfanonin ba su da kuɗi, kuma jama'a ba sa biyan kuɗin wuta. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa aka ɓullo da tsarin MAP a 2018, inda mutum zai sayi mita, daga baya kuma aka tsara a riƙa mayar masa da kuɗinsa ta hanyar wutar da zai sha. To amma wannan bashi ne mai gini ya ba kamfani, don haka ya kamata a rubuta shi a takarda. Rashin mita kuwa ƙananan 'yan haya ya fi cuta: tela mai keke ɗaya da mai walda a gini guda, an raba musu kuɗin ƙiyasi daidai wa daida. Wanda aka caje shi wutar da bai sha ba, da wuya ya biya da daɗin rai.