An Yi Musu Rigakafi, Amma Korona Ta Kama Su: Darasi Daga Wani Asibiti a Biyetnam

A watan Yunin 2021, ma'aikata 69 na Asibitin Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi da ke birnin Ho Chi Minh a Biyetnam suka kamu da korona cikin mako biyu. Abin da ya ɗaure wa jama'a kai shi ne, kusan dukkansu an yi musu allurar AstraZeneca sau biyu, kimanin wata biyu kafin nan.

To, ina amfanin allurar ke nan?

Ɗalibai, ku lura da kyau. Nau'in da ya shiga asibitin shi ne Delta, wanda ke hayayyafa da sauri a hanci da maƙogwaro. Rigakafi yana koya wa garkuwar jiki gane ƙwayar cuta, amma kafin garkuwar ta murƙushe ta, mutum zai iya fesa wa na kusa da shi ta tari ko numfashi. Ga shi kuma wasu ma'aikatan suna aiki ne a ofisoshi masu na'urar sanyaya ɗaki, inda iska ba ta shiga ta fita.

Amma duba sakamakon. Cikin mutum 62 da likitoci suka bibiya, ɗaya tak ya buƙaci iskar oksijin, kuma dukkansu sun warke.

Wato allura ta fi ƙarfi wajen hana ciwo tsananta fiye da hana kamuwa. Shi ya sa idan mura ta ɓulla a ajinku, ku buɗe tagogi, mai tari ya rufe baki da hanci, wanda zazzaɓi ya kama kuma ya nemi izinin malami ya je asibiti.